Fashin baƙi: Kayak ko kwale-kwale, wanne ya dace da mai kamun kifi?

Wanne ne ba ya kifewa? Kusan duk mai shirin sayen ƙaramin jirgin kamun kifi da wannan tambayar yake farawa, kuma ita ce take kai mutane da yawa ga sayen abin da ba zai yi musu aiki ba. Tun da hotunan masu fatsa a tsaye cak a kan kayak suka cika intanet, aka ɗauka cewa faɗi shi ne komai, wai idan jirgi ya yi faɗi an gama magana. Gaskiyar ita ce babu ƙaramin jirgin da ba ya kifewa, kuma duk santimita ɗaya da aka ƙara wa faɗi akwai abin da aka rage a wani wuri. Zaɓi mai kyau yana farawa ne daga ruwan da za a shiga, sai nauyin da za a ɗora, sai yadda jirgin zai isa bakin ruwa. Siffar jirgin tana zuwa ne daga baya.

Me ake nufi da kayak, me ake nufi da kwale-kwale?

Kwale-kwale buɗaɗɗen jirgi ne mai zurfin ciki da dogayen gefuna. Ana zama a kan benci ko a durƙusa, a tuƙa shi da filafili mai baki ɗaya. Na zamani da ake yi wa mutum biyu yakan kai tsawon mita 4.5 zuwa 5.2, faɗinsa kuma wajen santimita 85 zuwa 95.

Kayak kuwa asalinsa daga mutanen Inuwit da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara na arewacin duniya ya fito, waɗanda suke lulluɓe firam ɗin itace ko ƙashi da fatar dabbar teku su fita farauta. Mai tuƙa shi yana zaune ƙasa-ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, da filafili mai baki biyu. Yau ya rabu gida biyu. Akwai wanda ake shiga cikinsa, rufi ya rufe ƙafafu. Akwai kuma wanda ake zama a kansa: gangar jikinsa rufaffiya ce kamar tulu mai iska a ciki, kujera tana sama, kuma akwai ramuka da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa domin duk ruwan da ya fantsamo ya zurare da kansa. Wannan na biyun ya fara yaɗuwa ne daga Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma yawancin kayak ɗin kamun kifi na yanzu irinsa ne. Dalili a bayyane yake: ba ya cika da ruwa idan ya kife, kuma ana iya komawa kansa a tsakiyar ruwa.

Tsayuwa iri biyu ce, a nan ake ruɗewa

Masu ƙera jiragen ruwa sun raba tsayuwar jirgi kashi biyu. Ta farko ita ce wadda mutum yake ji da zarar ya zauna a ruwa mai kwanciya: shin jirgin yana tangal-tangal ko ya zauna daram? Ta biyu ita ce yadda jirgin yake riƙe kansa bayan ya riga ya karkata, wato ko zai tsaya a gefensa ya ba ka damar gyarawa, ko kuwa zai juye gaba ɗaya.

Jirgi mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da tsayuwar farko sosai. A tafki mai kwanciya kamar kana kan dakali. Amma shimfiɗaɗɗen ƙasa yana bin fuskar ruwa ne duk inda ta karkata. Idan igiyar ruwa ta zo ta gefe, jirgin zai kwanta daidai da gangaren igiyar, ya karkatar da kai tare da shi. Kuma irin wannan jirgi ba ya gargaɗi. Yana nan daram, daram, har ya kai iyakarsa, sai kawai ka ji ka a ruwa. Jirgi mai ƙasa a ɗan zagaye ko mai ɗan tsini kamar harafin V kuwa yana ba sabon shiga tsoro a mintunan farko saboda rawar da yake yi, amma igiya tana wucewa ta ƙarƙashinsa ba tare da ta kwantar da shi ba, idan kuma ya karkata yana turjewa a hankali.

Saboda haka wanda ya gwada jirgi na minti biyar a bakin gaɓa ya ce wannan ya fi tsayuwa, rabin labari kawai ya ji.

Akwai kuma batun tsayin kujera. Kayak ɗin kamun kifi da yawa suna zuwa da kujera mai hawa biyu. Hawan sama ya fi daɗin jifa da hangen ruwa, kuma ya fi sauƙin miƙewa, amma yana ɗaga tsakiyar nauyin jiki, kuma santimita kaɗan a nan suna da tasiri. Idan iska ta taso a sauke kujerar. A kwale-kwale ma haka ne: durƙusawa a kan gwiwoyi, an ware su, an jingina da bakin benci, ya fi zama a kan bencin aminci nesa ba kusa ba.

Ga mai son yin fatsa a tsaye, ana neman faɗin da ya kai santimita 84 zuwa 90 ko fiye, da fili shimfiɗaɗɗe a wurin taka ƙafa. Amma ya kamata mutum ya tambayi kansa ko da gaske yana buƙatar tsayuwar. Wanda yake farautar kifi da ido a ruwa marar zurfi yana buƙata. Wanda yake sake ƙugiya a zurfi ya jira, ko yake jan ta a bayan jirgi, zai biya kuɗin faɗin da ba zai amfana da shi ba, ya kuma biya da ƙarfin kafaɗa.

Abin da tsawo yake saye, da abin da iska take ƙwacewa

Jirgin da yake tafiya yana tura ruwa yana haifar da igiya, kuma tsawonsa a kan ruwa shi yake iyakance gudun da zai yi cikin sauƙi. Lissafin da aka saba amfani da shi yana nuna cewa jirgi mai mita 3 yana cin karo da wannan iyaka a wajen kilomita 7.8 a awa, mai mita 4 kuma a wajen kilomita 9. Ba wanda yake tuƙa faffaɗan kayak a wannan gudun na tsawon lokaci, yawancin mutane suna tsakanin kilomita 4 zuwa 5 ne a awa. Amma dogon jirgi yana kai wannan gudun da ƙaramin ƙoƙari, yana zarcewa bayan kowane bugu, kuma yana riƙe hanya. Gajere da faɗi kuwa goshinsa yana waiwaye hagu da dama da kowane bugun filafili, rabin ƙarfinka yana tafiya a gyaran hanya.

Gajere yana da ranarsa. A ƙaramin rafi mai kwana-kwana da rassan itatuwa, mita 3 zuwa 3.4 ya fi juyawa. A duba kuma lanƙwasar ƙasan jirgin daga goshi zuwa baya: mai lanƙwasa kamar ayaba yana juyawa da sauri kuma yana hawa igiya, miƙaƙƙe kuma yana tafiya sak amma da ƙyar yake kwana.

Iska ita ce babbar abokiyar gabar kwale-kwale. Dogayen gefunansa tamkar bango suke a gabanta. Kuma ƙarfin turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, turin yana ninkawa huɗu. Daga wajen kilomita 20 a awa sabon matuƙi ya fara shan wuya. Mutum ɗaya da ya zauna a bencin baya na kwale-kwalen mutum biyu ya ƙara wa kansa matsala, domin goshin zai ɗaga sama, iska ta riƙa juya shi yadda ta ga dama. Maganinsa shi ne a juya jirgin, a zauna a bencin gaba ana fuskantar baya don a matso tsakiya, sannan a ajiye jarkar ruwa mai lita 20 a can ɗaya ƙarshen. Jarkar ruwa ta fi dutse, don idan jirgin ya cika da ruwa ba za ta ja shi ƙasa ba.

Iskar da ta fi haɗari ita ce wadda take busowa daga tudu zuwa cikin ruwa. A bakin gaɓa ruwan yana kwance luf, tafiya tana daɗi saboda iska tana tura ka, sai an zo dawowa a gane an yi nisa.

Ruwan da za ka fi shiga shi ne alƙali

A ƙananan tafkuna da koguna masu tafiya a hankali, musamman idan mutum biyu ne ko akwai yaro, ko kaya masu yawa kamar raga da kula da kayan kwana, kwale-kwale ya fi. Babu kayak ɗin da zai ba da fili irin nasa. A babban tafki ko bayan madatsar ruwa, inda iska take da filin tara igiya, kayak mai mita 3.7 zuwa 4.3 wanda ake zama a kansa ya fi dacewa. A teku kuwa, inda sai an ratsa igiyar da take fashewa a gaɓa, buɗaɗɗen kwale-kwale na shaƙatawa ba wurinsa ba ne, igiya ɗaya za ta cika shi. Ana son kayak mai mita 4 ko fiye, mai ɗagaggen goshi, ba mai faɗi sosai ba.

Kayak ɗin da ake shiga ciki ya fi sauƙin nauyi, ya fi kare ƙafafu daga sanyi, amma wurin aje kayan fatsa ya yi kaɗan, kuma idan ba shi da rufaffun ɗakunan iska gaba da baya, to da ya kife ya zama kwandon ruwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne saye don tafiyar da ake mafarkin yi sau ɗaya a shekara. A saya don ruwan da za a shiga sau takwas cikin goma.

Lambar nauyi da aka rubuta ba ita ce ta aiki ba

Kowane jirgi yana zuwa da lambar iyakar nauyin da zai ɗauka. Wannan lamba tana nufin ba zai nutse ba, ba ta nufin zai tuƙu da daɗi. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce kada a wuce kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na abin da aka rubuta. Kuma a bincika da kyau, domin wasu kamfanoni suna haɗa nauyin jirgin kansa a cikin lambar.

A ɗauki kayak da aka rubuta masa kilo 180. Abin da za a yi aiki da shi wajen kilo 130 ne. Mutum mai kilo 85, da tufafi da rigar ceto da filafili kilo 5, akwatin kayan fatsa da sanduna kilo 10, kula da ƙanƙara kilo 12, anga da igiyarta kilo 3, batir da na'urar gano kifi kilo 3, ruwan sha lita 3. An kai kilo 121 tun ba a kama ko kifi ɗaya ba.

Alamar an yi lodi fiye da kima a kayak ɗin da ake zama a kansa ita ce ruwa ya riƙa bulbulowa ta ramukan zurarar ruwa ya tsaya a wurin ƙafa. Wasu sai su toshe ramukan duka. A ruwa mai kwanciya babu laifi, amma inda igiya take fantsamowa, toshe su na nufin an mayar da jirgin baho. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ruwan da yake kai-komo a cikin jirgi ya fi kaya mai nauyi ɗaya da shi haɗari, domin yana gudu zuwa duk gefen da aka karkata ya ƙara danna shi. Wannan ne ma ya sa matoshin da ke bayan kayak, wanda ake buɗewa a tsiyaye ruwa a tudu, yake da muhimmanci. Wanda ya manta bai mayar da shi ba, ruwa zai riƙa shiga cikin gangar jikin ba ya gani, sai dai ya ji jirgin da ya sani da tsayuwa ya fara tangaɗi.

Jirgin da ba ka iya ɗagawa ba zai ga ruwa ba

Yawancin kayak ɗin kamun kifi da robar foliyetilin ake narka su a dunƙule. Tana jure dutse da ja a ƙasa, amma tana da nauyi: kilo 25 zuwa 45 ga na filafili, masu feda (waɗanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke) da manyan kujeru kuma suna haura kilo 50. Rana tana cin ta a hankali har ta yi gautsi, zafi kuma yana sa ta lotsa idan aka ɗaure ta tamau ko aka bar ta a kan ƙarfe siriri. Gam ba ya kama ta sosai, idan ta tsage sai dai a narka irin robar a like.

Kwale-kwalen alminiyam, wanda kamfanin jiragen sama na Grumman ya fara fitarwa a 1945, ba ruwansa da rana, ana iya barin sa a waje shekaru. Aibinsa ga masunci shi ne ƙara. Filaya ɗaya ta faɗi a cikinsa, duk kifin da ke kusa ya ji, shi ya sa ake shimfiɗa masa tabarmar roba. Yana kuma maƙalewa a dutse maimakon ya zame. Na faiba da na Kevlar (wani zare mai ƙarfi marar nauyi) sun fi sauƙin nauyi, kwale-kwalen Kevlar na mutum biyu yana iya zuwa kilo 20, amma suna da tsada kuma ba sa son karo.

Jiragen da ake hura wa iska sun inganta ƙwarai, musamman masu daɓen da dubban zaruruwa suka haɗa samansa da ƙasansa, wanda idan an hura shi yake tauri har a tsaya a kai. Suna shiga but ɗin mota. Sai dai iska tana wasa da su, ƙayar kifi da wuƙa abin lura ne, kuma idan aka hura su da sanyin safe aka bar su a tudu cikin rana, iskar ciki tana kumbura har ɗinki ya buɗe. A rage musu iska idan za su daɗe a waje.

Kafin a biya kuɗi a amsa wannan: wa zai taya ni ɗora shi? Rufin yawancin ƙananan motoci kilo 50 zuwa 100 aka yarje masa, har da nauyin ƙarafan ɗaukar kayan. Jirgi mai kilo 45 da tsawon mita 4 ba abin da mutum ɗaya zai riƙa cillawa saman mota ba ne bayan ya wuni a ruwa. Irin waɗannan su ne suke ƙarewa a jingine, ƙura ta rufe su.

Filafili, feda ko inji

Feda ta shigo harkar ne da ƙarfi bayan kamfanin Hobie ya fito da tsarinsa na fikafikai a 1997, daga baya wasu suka kawo mai farfela. Amfaninta babba ne: hannu biyu suna kan sandar fatsa, kuma cinya ta fi kafaɗa juriya a gaban iska. Amma tana son zurfin da ya kai wajen rabin mita, ciyawar ruwa da tsohon zaren fatsa suna naɗe farfela, ga ƙarin nauyi da gyara. Ko da feda ko inji, filafili ba ya zama a gida. Inji kuma, ko na batir ne, a ƙasashe da yawa yana mayar da jirgin cikin waɗanda dole a yi wa rajista.

Filafilin kansa ana raina shi. Faffaɗan kayak mai doguwar kujera yana son mai tsawon santimita 240 zuwa 260. Gajere zai sa hannu ya riƙa bugun gefen jirgi, mutum ya riƙa leƙawa gefe don ya taɓo ruwa. Kuma abu ne da za a ɗaga sau dubbai a wuni, don haka bambancin giram 300 ba wasa ba ne.

Yadda ake kifewa a zahiri

Ba kasafai babban kifi yake kifar da mutum ba, shi dai jan jirgin yake yi. Abubuwa uku ne suka fi yi. Na ɗaya, juyawa baya a ɗauko wani abu, kai ya fita daga tsakiyar jirgi, inda kai ya nufa kuwa nan jiki yake bi. Na biyu, ƙugiya ta maƙale a ƙasa, mutum ya jingina da ƙarfi yana ja ta gefe, zare ya tsinke. A riƙa fuskantar da sanda wajen goshin jirgi. Na uku shi ne anga.

Anga mai kilo ɗaya da rabi ta ishi kayak, da igiya mai tsawon aƙalla ninki uku na zurfin ruwan. Amma kada a taɓa ɗaure ta a gefe inda ruwa yake gudu, domin ruwan zai danne wannan gefen ya juye jirgin cikin ƙiftawar ido. Igiyar ta fita ta goshi ko ta baya, shi ya sa ake sa wata igiya mai zagayawa a kan ƙananan tayoyi masu juyawa a tsawon gefen jirgi, da zobe a jikinta wanda igiyar anga take ratsawa, a ja zoben zuwa ƙarshe. A ɗaura ta yadda za a kwance da fizga ɗaya, da abin da zai sa ta yi iyo a ƙarshenta don a dawo a ɗauka. Akwai dabara ga anga mai farata: a ƙulla igiyar a gindinta, sannan a kama ta a saman da siririn zare. Idan ta maƙale a dutse aka ja da ƙarfi, zaren zai tsinke, angar ta fito ta baya. A kogi kuma a nisanci itacen da ya faɗi cikin ruwa da ƙananan madatsai, ruwan da ke ƙasansu yana juyawa ne ya riƙe abin da ya faɗa.

An ce iya ruwa fidda kai, amma alƙaluman hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka suna nuna shekara bayan shekara cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a haɗarin ƙananan jirage ba sa sanye da rigar ceto. Wadda aka tura ƙarƙashin kujera ba ta cikin lissafi. Rigar ceto mai niyuton 50 (ma'aunin ƙarfin da take ɗaga mutum a ruwa) tana taimaka wa wanda ya iya iyo ne kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma fuska sama, don nisa ana son mai 100 ko 150. Ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15 yana sa numfashi ya ƙwace a daƙiƙun farko ko ga gwanin iyo, don haka tufafin ya dace da sanyin ruwan, ba zafin rana ba. Ga mai fita da asuba ko dare, ƙa'idojin hana karo a teku na 1972 sun nemi jirgin filafili ya kasance da aƙalla tocila mai farin haske da zai nuna a kan lokaci.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a saya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada jirgin da nauyi kwatankwacin na ranar kamun kifi, a zauna aƙalla rabin awa don kujerar da za ta dami baya ta nuna halinta. A karkata shi da gangan har a san inda iyakarsa take. Sannan, a ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa amma kusa da gaɓa, da wani a kusa, a kifar da shi a gwada komawa. A kayak ɗin da ake zama a kansa, ana miƙa hannu ta saman cikinsa a kamo ɗaya gefen a jawo ya miƙe, a bar ƙafafu su taso saman ruwa ta baya, a buga su a zame da ciki a kan kujera, a mirgina a zauna, sannan a shigo da ƙafafu. A nan ne ake gane cewa jirgi mai faɗin santimita 95 yana da wuyar juyowa, kuma maƙalan sanduna da aka jera a gefe su ne suke kama rigar ceto. Gefe ɗaya a bar shi fili. Kwale-kwalen da ya cika da ruwa kuwa mutum ɗaya da wuya ya kwarfe shi a zurfi, sai an ɗaura masa jakunkunan iska gaba da baya.

Idan na hannu ne, a kifa shi a duba ƙasan bayansa inda ja a ƙasa yake cinyewa, a haska tocila cikin ramukan zurarar ruwa don nan tsaga take ɓuya, a danna robar da babban yatsa a ji ko ta yi gautsi. Daga nan a ɗora shi a kan tayoyi biyu, a zuba bokiti biyu ko uku na ruwa cikin gangar jikin, a karkata shi gaba da baya, a duba inda zai ɗiga.